Fuskoki Huɗu a Igiyar Shanya

Ni ne mai injin nan na bayan Kasuwar Barci,
wanda sai ya yi tari uku kafin ya tashi.
Wata biyu ke nan ina kwana da fuskoki huɗu,
jam'iyyarsu ɗaya, kujerar da suke hari ɗaya,
kowa da yaron da ke kawo min kafin alƙalami.

Na goge wa mai sanƙo gumi a kwamfuta,
na rage wa mai tumbi tumbi,
na yi ta ƙara wa dattijon haske har ya koma saurayi.
Mai tabarau ya aiko a bar shi yadda Allah Ya yi shi,
sai dai a ɗan faɗaɗa murmushin.

Ga su nan a igiya suna bushewa kamar wanki,
duk wanda ya shigo sai ya yi musu shari'a.

Baba Jatau, shekara sha tara a masaƙar Kakuri
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo,
ya zo a ƙara yi masa kwafin takardar sallama.
Ya ɗaga kai ya dubi dattijon:
"Wannan ya san hanya, ƙafa ce ta ƙare.
Na kusa da shi yana da ƙafa, bai san inda za shi ba.
Wanda zai sa in sake jin jiniyar ƙarfe shida,
ko ban iya faɗin sunansa ba, ni nasa ne."

Ladidi, ma'aikaciyar jinya daga Rigasa,
ta ce mai tabarau ya iya zance a rediyo,
"amma ni na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki.
Zance ba ya haska ɗaki."

Sallau ya jingine kekensa a bakin kwata,
ya ce shi mai tumbi yake yi:
"Ya ci ya ƙoshi, wataƙila ya rage mana.
Mayunwaci nake tsoro, da tukunya zai haɗa."
Bulus, da digirinsa ke naɗe a leda shekara huɗu,
ya yi dariya ba daɗi:
"Yaushe ka ji wuta ta ce itace ya isa?"

Murya ta hau murya,
har mai kunun aya ta leƙo ta ce
ita dai a rage kuɗin buhu, ko wane ne.

Sai ga Nomau.
Nomau na layinmu, daliget,
da bara yake sauya hanya don bashin kalanda.
Takalmi sabo, waya biyu, kowacce na kuka.
Shago ya yi tsit.
Sai a lokacin muka tuna:
ranar Asabar ba wanda zai tambaye mu.
Katinmu yana aljihu yana jiran
abin da su Nomau suka rage.

Baba Jatau ya ce, "Ɗana, wa za ka ba mu?"
Ya ce, "Baba, ana kan tattaunawa."
Ya ƙirgo min bashina da sababbin takardu
masu manne wa juna,
bai dubi igiyar ba ko sau ɗaya.

Da fitarsa aka ɗauke wuta.
Injin ya tsaya da rabin fuska a baki,
goshi da ido ɗaya, ban ma gane na wa ba ne.

Abin da na sani, ran Lahadi
uku daga cikinsu za su tafi wurin mai tsire a kan sikeli,
mai zai ratsa murmushin da na kwana ina gyarawa.
Na huɗun zan ƙara buga shi dubu goma,
in ya biya cikon na farko.